Bakwai a Kan Sha Huɗu

Kamisugi, 9 ga Maris

Mioko,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso ranar Talata, ta kuma same ni da rai. Dusar ƙanƙara har yanzu ta kai gwiwa a bayan gida, gwiwar kuma tana ciwo kamar kullum. Kunnena na hagu ya ajiye aiki tun bara, na dama yana shirin bin sahunsa, don haka kada ki ɓata lokacinki da waya. Ina fata ke da mahaifiyarki kuna lafiya.

Ba sai kin yi dogon bayanin ko ke wace ce ba. Kakanki Shinpei ɗan baffana ne, kwano ɗaya muka ci muna yara. Ke kuma sau ɗaya na gan ki, kina shekara shida, lokacin da mahaifinki ya kawo ku daga Kanada ganin gida. Kin ƙi cin komai sai dafaffen ƙwai.

Kin cika shafi uku kina koya mini cewa gonar shinkafa idan ta daɗe a ƙarƙashin ruwa, lakarta tana fitar da iskar mitan mai ƙara wa duniya zafi. Kin ce idan manomi ya ƙara kwana bakwai a kan shanyar da ya saba yi wa gonarsa bayan dashe ya kama, iskar za ta ragu, kamfaninku kuma zai biya shi. Na gode da karatu.

Shekara talatin da biyar da suka wuce, ni ne nake durƙushe a laka a tashar binciken noma ta lardinmu, ina kifa akwatunan roba a kan shinkafa, ina zuƙo iskar nan da sirinji ina durawa a kwalabe. Shekara shida na yi a haka. Na rubuta rahoto mai shafi tamanin, na ce kwana bakwai da manoma ke janye ruwa ya yi kaɗan, a kai shi sha huɗu, iskar za ta ragu, shinkafar ba za ta ragu ba. Shugaban sashenmu ya karanta shafin farko ya ajiye. Ya ce, "Endo, an ɗauke ka ka ƙara wa mutane shinkafa ne, ba ka ƙirga tusar laka ba." Shekara na zagayowa aka mai da ni ɗakin ajiyar iri. A can na ƙarasa aikina, ina liƙa takarda a jikin buhu.

Da na dawo gida na kama gonar ubana, na ci gaba da sha huɗu ni kaɗai. Mutanen ƙauyen nan suna kirana Farfesa, ba kuma don girmamawa ba. Ba na musun zafin duniyar. A gonata nake ganinsa, ƙwayar shinkafa tana fitowa da fari a tsakiyarta kamar alli, abin da ubana bai taɓa gani ba. Abin da nake musu shi ne a ce yau aka gano.

Ga kwafin littafin gonata na shekara biyar ɗin nan na sa miki a ciki, ki nuna wa masu koya miki. Kowace rana da lambarta. Ban taɓa rubuta abin da ban auna ba.

Batun shiga shirin naku kuwa, zan yi tunani a kai.

Kawunki,
Endo Ryosaku

Sendai, 2 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi, sanyi kuma ya fara sakin ku. Mama tana gaishe ka, ta ce har yanzu ƙwan ne abincina.

Kawu, ban san yadda zan gode maka ba. Littafinka ya zagaya ofishinmu hannu zuwa hannu. Shugabana ya ce tun da aka fara shirin nan bai ga manomin da ya ajiye lissafin ruwa haka ba, yawanci sai mun yi ta roƙo kafin su tuna ranar da suka buɗe magudana. Na ji kunyar abin da aka yi maka a tashar. Yanzu dai lokacinka ya zo.

Tun da ka ce za ka yi tunani, har ka aiko da shaidar da ake buƙata, na shigar da sunanka don kada wa'adi ya wuce. Na kuma yi waya da Baba Tomekichi, mai kula da ruwan ƙauyenku. Da farko ya yi ta jan ƙafa, amma da ya ji ka aiko da littafinka sai ya ce, "To idan Farfesa bai ji tsoro ba, mu me za mu ji?" Gidaje goma sha ɗaya da ke shan magudana ɗaya za su shiga a matsayin ƙungiya guda. Zai kawo muku takardar ku buga hatimi.

Ranar sha biyu ga Mayu zan tafi Biyetnam aikin gona, sai farkon Yuli zan dawo. Idan akwai wani abu, ka rubuto kafin nan.

'Yarka,
Mioko

Kamisugi, 24 ga Mayu

Mioko,

Ina gaishe ki a duk inda kike. Na san kin tafi, ban san ko akwai mai tura miki takardunki ba. Ni dai ina nan. Na gama dashe shekaranjiya, bayana yana gaya mini shekaruna.

Takardarki ta Afrilu na karanta na ajiye. Na ɗauka shiru zai gaya miki abin da magana ba ta gaya miki ba. Na manta a inda kika girma.

Bari in koya miki abin da ya kamata kakanki ya koya miki. A nan, idan babba ya ce zai yi tunani a kai, ya riga ya gama tunanin. A'a ce, an naɗe ta ne don kada ta yanke ki. Ko yaron da ke sayar da taki a kantin ƙungiyar manoma ya san wannan. Littafin kuwa ba shaida na aiko miki ba. Alfahari ne na tsoho, kuma ga shi ya ja mini.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan mun yashe magudana, muka zauna a ɗakin taron ƙauye. Tomekichi ya ɗora gilashinsa a hanci ya karanta takardarku gida-gida. Gidan wane, bakwai da bakwai, sha huɗu. Gidan wane, bakwai da bakwai, sha huɗu. Sau goma. Sai ya zo kaina.

"Endo Ryosaku, sha huɗu da bakwai." Ya ɗago kai. "Ashirin da ɗaya ke nan. Farfesa, ko a nan ma sai ka fi mu?"

Aka yi dariya. Na ce, "Tome, gonata ba za ta ɗauka ba."

"Kai da ka shekara ashirin kana ce mana mu ragwaye ne, ba ma shanya gona yadda ya kamata?"

"Sha huɗu na ce. Ban taɓa cewa ashirin da ɗaya ba."

"To ai ba ni na rubuta ba. 'Yarka ce."

Kin ga abin da ƙa'idarku ta yi? Ba ta tambayar kwana nawa ƙasa ke buƙata. Abin da mutum ya saba take tambaya, ta ƙara bakwai. Waɗanda suka yi mini dariya shekara ashirin yanzu za su yi daidai abin da na ce, a yaba musu. Ni da na riga su, an hukunta ni da mako guda.

Ba ki san gonar nan ba, saurara. Ita ce ta ƙarshe a gangaren dutsen ƙauyenmu, a kan tsakuwa take zaune. Abin da ke riƙe mata ruwa daɓen yumɓu ne a ƙarƙashin laka, kaurinsa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Kakana ne ya ɗauko yumɓun daga bakin rafi kwando-kwando a bayansa, ya daɓe da ƙafa. A kwana sha huɗu tsagar ƙasa tana tsayawa a laka. Idan ta wuce ta kai daɓen, gonar ta zama rariya, ba ta bana kaɗai ba. Ita kaɗai ta rage mini, sauran duk sun koma ciyawa tun rasuwar Fumie, matata.

Za ki ce me ya sa na buga hatimi. Bututun da ke ƙetaro mana da ruwa ta kan rafi ya tsage tun zaftarewar ƙasa ta bara waccan, da waya da roba muke ɗaure shi. Abin da kamfaninku zai biya, an riga an amince a kansa za a kashe. Takardar kuma ta ce ƙungiya ɗaya ce, idan gida ɗaya ya gaza, duka sun faɗi. Hatimi goma suna kan takardar, jar tawada ba ta ma bushe ba. Mutum goma suna kallon tabarma, ba wanda ya kalle ni. Wannan ya fi kallo nauyi. Na ciro nawa na buga.

Ranar sha biyar ga Yuni za a janye ruwa. Idan akwai yadda za a gyara lambar nan kafin ranar, ki gyara. Ban iya roƙo ba, wannan shi ne iyakar abin da na iya.

Kawunki,
Ryosaku

Kamisugi, 1 ga Yuli

Mioko,

Gaisuwa. Ba amsa, na kuma daina leƙa akwatin wasiƙa. Lafiyata ƙalau, abin da ba shi da lafiya yana waje.

Yau kwana sha bakwai. Da ruwan Yuni ya zo kamar yadda ya saba, da sama ta rufa mini asiri, ta jiƙa ƙasar ba tare da na taɓa magudana ba. Bana ko ɗigo. Gari ya waye fari fat, ya yini fari fat. Ran kwana goma tsagar tana ɗaukar ɗan yatsa. Ran sha huɗu, ranar da maƙwabta suka sako ruwansu ina jin kwaɗi suna murna a gonakinsu, tana ɗaukar tafin hannu a tsaye. Jiya na zura sandar awo ta shige har santimita sha tara. Daɓen yana a ashirin da biyu. Ganyen ya fara naɗewa da rana, kuma a kwanakin nan ne shinkafa ke ɗaukar ciki, lokacin da ta fi son ruwa.

Mun kira ofishinku da wayar Tomekichi, shi yana saurare yana maimaita mini da ƙarfi. Wata murya mai ladabi ta ce ta fahimci damuwarmu ƙwarai, amma jami'ar da ta shigar da ƙungiyar ce kaɗai ke da ikon taɓa takardar, kuma tana ƙasar waje. Na san irin wannan ladabin. Na shekara da shekaru ina shan sa a tashar.

Tomekichi ne ke zagayawa kowace safiya yana ɗaukar hoton gonaki don ya aika muku shaida. Yau da ya ɗauki tawa bai tafi ba. Ya tsuguna a kan kunya ya daɗe yana kallon tsagar.

Ya ce, "Ryo." Rabon da ya kira ni haka tun muna makaranta. "Hoto biyar na ɗauka yau, kowanne daga kusurwa daban. Sun isa har ranar ƙarshe. Je ka sako ruwanka."

Na ce, "In rubuta me a littafi?"

"Ka rubuta ashirin da ɗaya mana. Littafin ne zai ci shinkafar?"

"Ƙarya ke nan."

"Wa zai sani? Waɗancan na Sendai ba su san laka da kashin shanu ba."

"Ni zan sani."

Ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Kai dai tun kana yaro haka kake. Malam ya yi kuskure a allo sai ka ɗaga hannu, a doke mu duka. To zauna da gaskiyarka, ka dafa ta ka ci da rani."

Ya yi tafiyarsa, ya kai kwanar hanya ya juyo ya ce hotunan suna nan idan na canza ra'ayi.

Na zauna a bakin magudana har rana ta yi tsaka. Katako ɗaya ne tsakanina da ruwan, da hannu ɗaya ake zare shi. Na gaya wa kaina cewa a tashar sun karɓe mini ɗakin gwaji, sun karɓe suna, abu ɗaya da ba su iya karɓewa ba shi ne lambobina ba su taɓa ƙarya ba. Idan na yi yau, to shugaban sashen nan ya yi gaskiya, wasa nake yi da kwalabe. Haka na gaya wa kaina.

Amma tun da takardar nan ba karanta ta kike yi ba, bari in faɗi sauran. Akwai wani abu a cikina da ke son daɓen ya tsage. Yana so a zo a gani, a ce ashe Endo ya faɗa. Na kai shekara saba'in da bakwai, na san wannan muryar, na san ba ta taɓa shuka mini komai ba. Duk da haka ban zare katakon ba.

Saura kwana huɗu.

Ryosaku

Sendai, 9 ga Yuli

Kawu,

Jiya na sauka. Takardunka biyu suna ƙarƙashin tarin tallace-tallace a bakin ƙofa. A tsaye na karanta su, jakata a kafaɗa. Na kira gidanka sau shida. Baba Tomekichi ya ɗauki tasa, ya ce an sako ruwa, sauran kuma ba shi zai faɗa ba, in tambaye ka.

Ban san ta inda zan fara ba. Na san kalmomin, Kawu, amma ban san abin da ke ƙarƙashinsu ba. A gidanmu idan Baba ya ce zai yi tunani, tunanin yake yi. Kuma na ga sha huɗu a littafinka da idona, na yi murna, ban tsaya na haɗa ta da bakwai ba. Wannan ba laifin Kanada ba ne, nawa ne.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo, kuma gara ka ji daga bakina. Ana iya cire gona ɗaya daga ƙungiya ba tare da sauran sun faɗi ba, idan akwai haɗari ga ƙasar. Yana cikin babbar yarjejeniya, ba ya cikin gajeriyar takardar da aka kawo muku. Layi biyu zan rubuta in sa hannu. Wanda kuka samu a waya sabo ne, bai sani ba. Ni kuma ban bar wa kowa riƙon aikina ba, don na ɗauka komai ya kammala.

Na rubuta wa shugabana cewa ƙa'idar nan tana cutar da duk wanda ya riga mu farawa. Ya ce magana ce mai muhimmanci, za a duba.

Don girman zumunci ka gaya mini halin da gonar take. Zan iya zuwa ranar Asabar idan ka yarda.

Mioko

Kamisugi, 20 ga Oktoba

Mioko,

Bayan gaisuwa. Sanyi ya fara sauka daga dutse, na fito da bargo. Ina fata kina lafiya. Na san na bar ki wata uku ba amsa. Wannan shirun ba ya nufin komai, ban dai san abin da zan rubuta ba ne.

Kin tambayi gona.

Ranar shida ga Yuli da safe na zare katakon. Ruwa ya shigo kamar yadda ya saba, ya bi layin farko, ya bi na biyu, sai na ga yana sulalewa cikin tsagar. Har azahar bai rufe ƙasa ba. Na sauka ƙasan gangaren na ga yana fitowa ta tsakanin duwatsun katangar da ke tare gonar, fari tas, yana komawa rafi abinsa.

Ban gaya wa kowa ba, amma washegari na tarar da mutum bakwai a gonar, wando a naɗe. Sun kawo yumɓu a buhunan taki. Kwana uku muna cusawa muna takawa, tsofaffi takwas, ƙaraminmu shekararsa sittin da tara. Gidaje huɗu suka bar mini ranakun ruwansu. A rana ta uku Tomekichi ya ce mini, "Farfesa, taka da kyau mana, ba rawa muka zo ba." Ba wanda ya ce ashe ka faɗa. Na jira, ba wanda ya ce. Ban ji daɗin da na zata ba, ko da sun faɗa ma ba na jin zan ji.

Abin da muka toshe na sama ne. Gonar da ke riƙe ruwa kwana biyar yanzu ba ta kai yini. Shinkafar ta fitar da kai, rabinsa fanko. Na girbe kashi ɗaya cikin uku na abin da na saba. Maƙwabta da suka yi sha huɗu ba su rasa komai ba, wasu ma sun ce tasu ta fi tsayuwa a iska. Na rubuta wannan ma a littafi, tun da gaskiya ne.

Na kawo mai gyaran gona daga gari ya duba. Ya ce sai an kwashe lakar duka gefe, a sake daɓe, a mayar. Motarsa ba ta iya hawa hanyarmu. Da hannu kuwa, kakana yana da shekara talatin da 'ya'ya biyar lokacin da ya yi.

An fara aikin bututu makon jiya. Ofishinku kuma ya aiko wa ƙauye takardar yabo mai zanen zinariya a gefe, an rataye ta a ɗakin taro. A wasiƙar da ta zo tare da ita an ambaci gonata da suna, wai ita ta fi kowace rage iska. Ba su yi ƙarya ba.

Na yi fushi da ke har ƙarshen Agusta. Daga nan na rasa inda zan ajiye fushin. Ke kin yi kuskure sau ɗaya, a kan abin da ba a koya miki ba. Ni sau uku aka buɗe mini ƙofa. Da na rubuta miki kalma ɗaya a Afrilu, da na ƙi buga hatimi, da na saurari Tome. Kowane lokaci ina da dalili mai kyau. Masu ilimi ba sa rasa dalili.

Ki ci gaba da aikinki. Duniyar tana zafi, sha huɗu kuma daidai ne. Amma duk ƙauyen da za ki shiga, kafin ki buɗe takarda ki sa a tona miki rami ki zura hannu. Shugabanki da ya ce za a duba, ina jin yanzu kin san abin da yake nufi.

Takardar sabunta shiga ta baɗi ta zo. Ki cire sunana. Ba fushi ba ne, shirin na gonakin ruwa ne, ni kuma ba ni da ita. Idan ƙafa ta yarda zan watsa waken soya a wurin, shi ba ruwansa da daɓe. Kina iya rubutawa a rahotonku cewa gonar Endo ba za ta sake fitar da iskar nan ba.

Na aika miki ƙaramin buhun shinkafar bana ta gidan waya, zai iso bayan takardar nan. Ƙwayar ta sha ƙishi, tana da rauni. Kada ki cuɗe ta da ƙarfi wajen wanki, karyewa take yi. Ki ɗan ƙara mata ruwa fiye da yadda kika saba.

Kawunki,
Endo Ryosaku